Sawu Biyu a Bayan Ɗakin Ƙwayoyi

Da hantsi ne, rana ta fito amma ba ta yi ƙarfi ba, ƙasa kuma tana nan jiƙe da ruwan da aka tafka jiya da yamma. Mai Sawu yana zaune a ɗakin gadi na bakin ƙofa, kofin shayi a kan gwiwarsa yana jira ya huce, sai ga mai shara ta faɗo masa ko sallama babu.

"Tashi, Likita na nemanka. Ƙwayoyin nan sun mutu."

"Waɗanne daga ciki?"

"Waɗanda ake hana mu ko tari a kusa da su mana." Ta kau da kai gefe. "Kuma sunan Auta ake ta kira."

Auta 'yarsa ce, ita ce ƙaramar gidansa. Ya ajiye kofin a kan taga, ya gyara hula, ya bi bayan matar. Bai yi sauri ba. Shi dama ba mai sauri ba ne, tun yana aikin gandun daji yana bin sawun masu satar farauta, inda sunan ya manne masa. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya dawo gari, aka ba shi shugabancin masu gadi a wannan cibiyar bincike, inda babban ɓarawon da ya taɓa kamawa akuya ce mai cin furannin ofis.

Bai san aikin ɗakin ƙwayoyi ba, amma Auta ta sha yi masa bayani a gida har ya riƙe. Akan yanki 'yar fata kamar kan ashana daga hannun mace, a raini ƙwayoyin halittar da ke cikinta, a yi ta lallaɓa su har su manta cewa na fata ne, su koma kamar na farkon halitta, masu iya zama kowane sashe na jiki. Daga nan sai a canza musu abinci, a bi da su sannu a hankali su zama irin ƙwayoyin da ke gina mabiyiya, wadda ke ciyar da jariri a ciki. Matan da suka ba da fatar duk masu yawan ɓari ne, ana so a gano inda mabiyiyarsu ke kasawa ba tare da an taɓa cikin kowa ba. An shafe shekaru ana gwadawa, ko su mutu, ko su rikiɗe su zama wani abu daban. Wannan karon ne kaɗai suka tsaya suna ta haihuwar irinsu. Waɗanda aka fara daskararwa don ajiya ba su farka ba, saboda haka duk abin da ake tunƙaho da shi yana cikin 'yan farantai, a akwati ɗaya.

* * *

A barandar ɗakin ya tarar da mutane cirko-cirko, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Suna ganinsa aka yi tsit. Auta na zaune a kan benci, an karɓe farar rigarta ta aiki, idanunta sun kumbura. Dogo na tsaye kusa da ita ya dafa bango. Dogo shi ne babban ma'aikacin ɗakin, hannunsa ne ya raini kusan duk wata ƙwaya da aka taɓa rainawa a ginin, kuma aminin Mai Sawu ne tun suna samari. Shi ya nema wa Auta aikin, shi ya koya mata tun daga yadda ake sa safar hannu.

"Abokina, sai haƙuri," in ji Dogo. "Ka dai yi haƙuri."

Likita, shugabar ɗakin, ta kira shi bakin gilashin da ake hango ciki. Gajeriyar mace ce mai furfura, ba ta ɗaga murya, in ranta ya ɓaci sai dai maganarta ta ƙara sanyi. Ta nuna masa akwatin ɗumi, wani abu kamar ƙaramin firji, sai dai shi ɗumin jikin mutum yake riƙewa, da wata iska da ake jawo masa daga tukunyar ƙarfe.

"Haka na same shi, ƙofa a buɗe. Ga wayar ƙararrawa can an zare ta. Ruwan da suke ciki ja-ja ne in suna lafiya, ka ga yanzu ya koma shunayya. Duk sun saki faranti, suna yawo a sama."

"Wa ya yi aiki jiya?"

"Jiya hutu ne, Auta ce mai ba su abinci." Ta cire tabarau ta goge da gefen riga. "Kwamiti zai zauna kafin a tashi. In ba a samu wani bayani ba za a sallame ta, kuma da irin wannan suna babu ɗakin binciken da zai sake ba ta faranti ta riƙe. Na san 'yarka ce. Amma kai ne mai tsaron ginin, kyamarar baranda kuma ta makance tun bara. Ka duba. Sai dai duk abin da ka gani, ka nuna mini da idona."

Wani daga baya ya ce, "Uba zai binciki 'ya? To ai sai mu tafi gida, an gama shari'a."

Ɗalibi ne, wanda ke neman babban digiri a ƙarƙashin Likita. Mai Sawu bai waiwaya ba.

* * *

Ya zauna kusa da Auta a kan bencin bayan mutane sun watse.

"Faɗa mini yadda aka yi."

"Baba, wallahi na rufe. Na ba su abinci da safe, na duba su, suna nan cike da faranti gwanin sha'awa. Na rufe, na sake jan hannun ƙofar in tabbatar, yadda Baba Dogo ya koya mini. Na fita tun kafin hadari ya haɗo."

"Ƙararrawar fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Na taɓa zare ta bara, ranar da ta yi ta ihu ba dalili. Likita ta yi mini faɗa a gaban kowa. Ban sake ba."

"A gaban kowa," in ji shi.

"Su ke nan fa, Baba. Akwai matar da ta ba mu fatarta, duk wata sai ta bugo waya ta ce, ''ya'yana suna lafiya?' Me zan ce mata?"

Ya tambaye ta masu mabuɗin ɗakin, ta ce Likita, da Dogo, da Ɗalibi, da ita, sai Mai Gyara da ke da na ƙofar baya saboda tukwanen iska. Masu gadin ƙofa sun tabbatar ta fita kafin ruwa, amma ya san abin da kwamiti zai ce: yaran ubanta ne. Kuma a cikin katangar akwai masu kwana. Ɗalibi yana ɗakunan ɗalibai, Mai Gyara yana kusa da janareta, Dogo ma yana da ɗaki a gidajen ma'aikata ko da yake iyalinsa suna cikin gari.

* * *

A bayan ginin akwai 'yar ƙasa shimfiɗaɗɗiya tsakanin ƙofar baya da hanyar siminti. Mai Sawu ya tsuguna, ya juya ta yadda rana za ta bugi ƙasar daga gefe.

Sawu iri biyu ya gani. Na farko na babban takalmin aiki ne mai haƙora, a gindin tukwanen iska, ƙarƙashin rumfarsu inda ruwa bai wanke ba, ya yi ta tattaka wuri ɗaya. Na biyu kuwa na takalmin roba ne, irin fararen nan da ake jerawa a bakin ɗakin ƙwayoyi, duk iri ɗaya, kowa ya zura wanda ya samu. Ya fito daga ƙofar baya ya nufi siminti, a can ya ɓace. Cikin kowane sawun robar akwai 'yan ramukan ɗigon ruwa, alamar an taka ana yayyafin ƙarshen ruwa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne takun. Gajere ne ƙwarai, tafin ƙafa na sauka gaba ɗaya, babu dunduniyar da ta nutse, babu yatsun da suka tura ƙasa baya. Wa ke tafiya irin wannan ana ruwa a kansa? Ko tsoho tukuf in ruwa ya taɓa shi yakan ɗaga ƙafa.

Ya fara da mai sauƙin. Ya tarar da Mai Gyara a ɗakin janareta, hannu duk baƙin mai.

"Me ka je yi gindin tukwane jiya?"

"Ni? Ni da tukwane sai ranar canji."

"Ɗaga ƙafarka in ga."

Mai Gyara ya dubi takalminsa, ya dubi Mai Sawu, ya saki dariya mara daɗi. "Kai dai Allah ya raba mu da idonka. To na je. Sigari na sha. Matata ta sa a yi mata rahotona a ko'ina, wurin nan kaɗai ne babu mai leƙawa."

"Sigari a gindin tukwanen iska."

"Irin iskar ba ta kama wuta, na rantse. Amma kar ka gaya wa Likita, ita ba ta tsayawa jin irin iska."

"Ka ga wani?"

"Ko kare. Ruwa na saukowa na gudu. Kuma bari in faɗa maka, ni in zan kashe ƙararrawa ba sai na shiga ɗaki na zare waya kamar ɗan koyo ba. Daga nan inda nake zaune zan sauke ta, babu mai sani."

Mai Sawu ya yarda da wannan. Girman kan mai sana'a ba ya barinsa ya yi ƙarya a kan sana'arsa.

* * *

Ɗalibi yana ƙaramin ɗaki na gefe, inda ake rainon ƙwayoyin da ba su da tsada. Suka yi magana ta bakin ƙofa.

"An ce kun yi cacar baki da Auta."

"Mun yi. Na ce ta ba ni faranti ɗaya in fara gwajina, ta ce sai an daskarar. Na ce mata su mutu a hannunta in ga ta tsiya. Baki ne kawai, Baba. In sun mutu karatuna ne ya mutu, a kansu zan yi rubutuna." Ya gyara safar hannu. "Haushi dai na ji, ban ɓoye ba. Ni da digiri biyu, amma ita aka zaɓa ta gaji ɗakin."

"Ta gaji wa?"

"Dogo mana. Ƙarshen shekara za a ajiye shi. Ba ka ji ba? Ni na ɗauka kowa ya sani, har na yi masa murnar hutu kwanaki, ya dube ni kamar na zage shi."

Mai Sawu bai ji ba. Dogo bai taɓa gaya masa ba, su da suke shan shayi tare kullum.

"Matsa kaɗan, Baba, kar ka yi mini numfashi a kai."

Ɗalibi ya ɗauki faranti cike da jan ruwa da hannu biyu, ya nufi akwatin ɗumin da ke ƙarshen ɗakin. Yaron nan da kullum yake tafiya kamar ana korarsa, sai ga shi ya haɗe gwiwar hannu da haƙarƙari, ya zuba wa farantin ido, yana sauke ƙafa gaba ɗaya, taku gajere bayan taku gajere.

"Me ya sa kake tafiya haka?"

"In ruwan ya taɓa murfi ƙwayar cuta ta shiga, shi ke nan. Haka kowa ke tafiya a nan. Abin da ake fara koya maka ke nan."

* * *

Ya koma bayan ginin. Wanda ya fita dole ya dawo, tunda takalman suna nan cif a jere, guda biyu ma an wanke su tas, da sauran danshi a ciki. A kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasar babu sawun dawowa. Ya tsaya ya yi tunani. Mai ɗauke da abu yana neman ƙasa mai daidai, wanda hannunsa ke sake kuwa yanke yake yi. Ya zagaya bayan tankin ruwa, ta cikin gadon furanni.

Yana nan. Takalmin roba ne, taku dogo na mai sauri. Ƙafar dama tana tafiya miƙe. Ta hagu tana buɗewa waje, dunduniya tana jan ƙasa kaɗan kafin ta tashi.

Mai Sawu ya daɗe a tsugune. Suna samari Dogo ya faɗo daga tsani gwiwarsa ta hagu ta goce, shi ne ya goya shi a baya har asibiti. A kan siminti da tayil babu mai lura, sai wanda ya sani. A tafiyar farko gajeren taku ya ɓoye ƙafar. A dawowa mutum ya taka irin takunsa na kullum. Ya sa tafin hannu a gefen sawun, ya ji sanyin ƙasar yana ratsa shi. Ya nemi wata fassarar, ya juya ta nan ya juya ta can, bai samu ba.

Ya kira Likita ya nuna mata duka biyun. Ya ce an fita da abu cike da ruwa, an dawo hannu wofi, kuma mai shi bai tsaya canza takalmi ba saboda hannayensa biyu a cike suke. Bai ambaci ƙafar hagu ba.

Likita ta ƙura wa sawun ido. "Ke nan waɗanda ke ciki ba namu ba ne. An ajiye wasu a madadinsu, aka bar su suka mutu. Matattu duk kama suke, sai an kai gwaji, kuma kwamiti ba zai jira ba." Ta miƙe, ta shiga ta buɗe firji, ta ɗaga kwalbar abincinsu ta duba a haske. "Ba a taɓa ba, ya san zan lura. To ka ji. Sun cika faranti, da ma gobe za mu raba su. In sun cika haka cinye abinci suke yi kamar fara. Yanzu haka ruwansu ya fara komawa rawaya. In ba a canza musu yau ba, su ma sun tafi."

Ta kulle firjin, ta zare mabuɗi. "Ka san ko waye?"

"Ki tara mini sauran masu mabuɗin, su huɗun, in rana ta yi sanyi," in ji shi.

* * *

Ya sami Dogo a ƙarƙashin bishiyar da suke zama lokacin hutun rana. Dogo ya matsa masa wuri, ya zuba masa shayi daga fulas.

"Ka ga wani abu?"

"Ina dai dubawa."

"Kar ka wahalar da kanka, abokina. Kuskure ne na yarinta, ni ma na yi irinsa da ina sabo. Zan roƙa mata Likita. In an bar mini ɗakin na ɗan lokaci, wa ya sani, wataƙila in tsamo wasu masu sauran rai a cikin ragowar. Hannun nan bai mutu ba tukuna."

Mai Sawu ya riƙe kofin bai kai baki ba. "Gwiwar fa? Sanyin ruwan nan bai tayar maka da ita ba?"

"Ina fa. Jiya ko leƙa waje ban yi ba, ina kwance tun safe."

"Dogo, babu abin da kake so ka gaya mini? Mu biyu ne a nan."

Dogo ya dube shi, ya yi murmushi, ya dafa masa kafaɗa. "Ka sha shayinka zai huce. Auta ai 'yata ce."

Mai Sawu ya ajiye kofin a kan benci cike yadda aka ba shi.

* * *

Rana ta yi sanyi suka taru a ɗakin taro. Likita a kan tebur, mabuɗin firji a gabanta. Auta a gefe ɗaya, Ɗalibi a ɗaya gefen, Mai Gyara kusa da taga, Dogo a ƙarshe ya miƙe ƙafarsa. Mai Sawu ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa.

Ya yi musu bayanin sawun fita da na dawowa a hankali, kamar mai ba da labari. Ya ce ƙwayoyin suna da rai a wani wuri cikin katangar nan, amma bai san ina ba, siminti ba ya riƙe sawu, ɗakuna kuma sun fi ƙarfin a bincike su kafin dare. Likita ta ce abincinsu yana cikin firji, ga mabuɗin, kuma ba su da sauran lokaci mai yawa.

"Wanda ya ɗauka ya faɗa," in ji Mai Sawu. "Ni dai ina nan zaune."

Aka zauna. Ɗalibi ya tashi ya zauna, ya sake tashi. Ya ce wannan tatsuniya ce uba ya shirya don ya wanke 'yarsa. Mai Gyara ya ce, "Farfesan gobe, zauna mana, kana sa mu jiri." Babu wanda ya yi dariya. Hasken taga ya tashi daga kan tebur ya hau bango. Mai Sawu bai dubi Dogo ba ko sau ɗaya, ƙasa yake kallo, yana jira.

Can Likita ta numfasa. "To. Kwamiti na jira, kuma sawu bai faɗi suna ba. Auta, kawo katin shigarki."

Auta ta dubi ubanta. Bai ɗago ba. Ta miƙe, ta zare igiyar katin daga wuyanta, ta taka har gaban Likita ta ajiye. Sai da ta wuce ta gaban Dogo a zuwa da dawowa. Mai Sawu ya kasa kunne yana jiran ƙarar kujera daga ƙarshen tebur. Kujerar ba ta motsa ba.

Likita ta ɗauki katin, ta ɗauki mabuɗin, ta jefa su cikin jaka ta ja zip. "Firji zai zauna a kulle har kwamiti ya gama aikinsa. Ko gobe, ko jibi."

Ta kai rabin hanyar ƙofa.

"Ba za su kai gobe ba."

Kowa ya juya. Dogo yana tsaye, ya dafa tebur da hannu biyu.

"Tukunyar iskar ma ta kusa ƙarewa, tsohuwa ce. Likita, ba ni mabuɗin. A ɗumama abincin tukuna, kar a zuba musu da sanyi."

"Suna ina?" in ji Likita.

"Tsohon sito. Akwatin da aka ce ya lalace, na gyara shi."

Auta ta ce, "Baba Dogo?" Muryarta kamar ta yarinya ƙarama.

Bai dube ta ba, Likita ya fuskanta. "Gashina ya yi fari a ɗakin nan. Babu hutun da ban zo ba, ranar da aka haifi ɗana ma sai da na zo na ba su abinci. Sannan a bakin wannan yaron zan ji an ajiye ni? Ban yi niyyar kashe ko ɗaya ba. So nake a ga ɗakin in babu ni. In an kwana biyu sai in ce na tsamo su daga ragowa, sannan in roƙa a dawo da ita. Da an dawo da ita, wallahi."

"Ni ya kamata in gaya maka da bakina, ban yi da wuri ba," in ji Likita. "Sauran duk naka ne."

Mai Sawu ya tashi daga bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba.

"Na tambaye ka a gindin bishiya, ka ce 'yarka ce. Ta wuce ta gabanka da katinta a hannu, ba ka motsa ba. Sai da aka ce farantai za su kwana da yunwa."

Dogo ya juya ya nufi tsohon sito, suka bi bayansa.

* * *

A tsohon sito, bayan karyayyun kujeru, akwatin yana ta 'yar ƙararsa, an goge kewayensa fes. Ruwan farantan ya koma rawaya. Likita ta sa ɗaya a madubin dubawa, ta daɗe a sunkuye, sannan ta ce, "Suna nan. Sun gaji, amma suna nan." Ta ciro katin daga jaka ta rataya wa Auta da kanta. "Je ki sa riga. Ke za ki ba su."

A hanyar komawa Auta ta tsaya kusa da ubanta.

"Baba, ka san shi ne?"

"Tun da rana."

"Ka bar ni na cire katin."

"Da na faɗa, cewa za a yi uba ne ya faɗa, shi kuma ya musa, su mutu a inda suke. Kuma na ɗauka zai tashi saboda ke."

Ta dube shi, ta wuce ɗakin.

Kwamiti bai daɗe ba. Kafin magariba an karɓi mabuɗan Dogo, an ce ya kwashe kayansa. Mai Sawu yana ɗakin gadi ya hango shi tafe yana tura babur, jaka ɗaure a baya da igiya. A bakin ƙofa ya hau ya buga, ya ƙi tashi, ruwan jiya ya shige shi. Ya sake bugawa, ya sake, gwiwar ba ta ba shi ƙarfi. Yaran gadi suka tsaya suna kallo, babu wanda ya matsa.

Mai Sawu ya fito. Ya zagaya bayan babur ɗin, ya kama ƙarfen da jakar ke kai, ya sa kafaɗa ya tura. Suka wuce ƙofa, suka gangara kan titi, yana gudu-gudu yana haki, har injin ya yi tari ya kama. Ƙarfen ya zame daga hannunsa. Dogo bai waiwayo ba.

Ya tsaya a gefen titi sai da numfashinsa ya dawo, sannan ya koma ya ja ƙofar ya rufe.